Nazarin igiyoyin sautin doro da hasken eksire mai bin lokaci

Nazarin igiyoyin sautin doro da hasken eksire mai bin lokaci wata hanya ce ta bincike a kimiyyar fiziks da kimiyyar kayan ƙira. Ana amfani da ita wajen auna yadda ƙwayoyin zarra suke motsi a saman daskararren abu, da kuma ɗan ƙasa da samansa, a lokacin da igiyar sauti take ratsa shi. Ana haska abin da gajerun walƙiyoyin eksire waɗanda aka daidaita lokacin zuwansu da bugun igiyar, sannan a duba yadda hasken ya tarwatse bayan ya taɓa abin. Daga yanayin tarwatsuwar ake lissafa girman motsin, da tsawon zangon igiyar, da zurfin da ta kai, da irin miƙewa da matsewar da ta jawo wa jikin abin.

Abubuwa biyu ne suke sa auna waɗannan igiyoyi ya yi wuya. Motsin ƙarami ne ƙwarai, galibi bai wuce nanomita ɗaya ko 'yan kaɗan ba, kuma yana maimaituwa sau ɗaruruwan miliyoyi a cikin sakan ɗaya. Hanyar tana magance matsala ta farko da jerin ƙwayoyin zarra na cikin kiristal, wanda yake zama mata ma'auni, tana kuma magance ta biyu da walƙiyoyin da injin sinkirotiron yake fitarwa, waɗanda gajartarsu ta isa ta kama igiyar kamar a tsaye take. Binciken yana da muhimmanci ga masana'antar sadarwa, domin matatan sigina da ke cikin wayoyin salula da yawa da irin waɗannan igiyoyi suke aiki.

Igiyoyin sautin doro

Igiyar sautin doro girgiza ce da take tafiya a saman daskararren abu, ƙarfinta yana raguwa da sauri yayin da aka nutsa cikin abin. A rubuce-rubucen Turanci ana taƙaita sunanta da SAW. Masanin fiziks ɗan Ingila Lord Rayleigh ne ya fara bayyana ta da lissafi a shekarar 1885, shi ya sa ake kiran mafi shahara a cikinsu igiyar Rayleigh. A cikin wannan igiya kowace ƙwayar zarra da ke kusa da doro tana zagayawa ne a kan hanya mai siffar ƙwai, tana ɗan hawa da sauka, tana kuma ɗan matsawa gaba da baya. Kusan dukkan ƙarfin igiyar yana tattare ne a cikin zurfin da bai wuce tsawon zangonta ɗaya ba. Igiyoyin Rayleigh suna cikin igiyoyin da girgizar ƙasa take haifarwa, inda zangonsu yake kai kilomitoci. A cikin na'urorin lantarki kuwa zangon maikiromita kaɗan ne. Maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita, nanomita kuma kashi ɗaya cikin biliyan. Kaurin gashin kan mutum yakan kasance tsakanin maikiromita 50 da 100.

Ana tayar da igiyar ne a kan kiristal mai lantarkin matsi, wato kiristal da yake fitar da lantarki idan an matse shi, yake kuma sauya siffa idan an ba shi lantarki. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Jacques Curie da Pierre Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a 1880. A 1965 Richard White da Fred Voltmer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka nuna cewa ana iya tayar da igiyar kai tsaye da siraran layukan ƙarfe da aka shimfiɗa a kan kiristal. Layukan suna kama da mataji biyu da aka cusa haƙoran ɗaya a tsakanin haƙoran ɗayan ba tare da sun taɓa juna ba. Idan aka ba su lantarki mai juyawa, doron kiristal ɗin yakan kumbura a ƙarƙashin wasu haƙora ya lotsa a ƙarƙashin wasu, sai igiya ta fita ta bi doron. Tazarar haƙoran ce take tsayar da tsawon zangon. Wani matajin da aka ajiye a gaba yakan karɓi igiyar ya mayar da ita siginar lantarki.

Kayan da aka fi amfani da su sun haɗa da litiyam nayobet, da litiyam tantalet, da ƙanƙarar dutse, da galiyam asenaid. Gudun igiyar ya dogara da nau'in kiristal da fuskar da aka yanka shi. A litiyam nayobet yana tsakanin kimanin mita 3,500 da 4,000 a sakan ɗaya, a ƙanƙarar dutse kimanin mita 3,160, a galiyam asenaid kuma kimanin mita 2,900. Wannan gudu ya gaza na haske kusan sau 100,000, kuma a nan amfaninta yake. Siginar rediyo mai bugu biliyan 2 a sakan tana da zangon santimita 15 a cikin iska, amma idan aka mayar da ita igiyar doro zangon yakan koma kimanin maikiromita 2. Don haka ana iya ƙera matacin sigina da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda zai bar wani rukunin sigina ya wuce ya tare sauran.

Tarwatsuwar hasken eksire

Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken eksire a garin Würzburg na Jamus a 1895. Yawancin mutane sun san shi a asibiti, inda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A can inuwa ake dubawa, domin ƙashi yana tare hasken fiye da tsoka. Masu binciken kiristal kuwa wata ɗabi'ar hasken suke amfani da ita. Zangon eksire ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. Eksire mai ƙarfin kilo-elektironbolt 10, alal misali, zangonsa nanomita 0.124 ne, tazarar jerin ƙwayoyin zarra a yawancin kiristal kuma tana tsakanin nanomita 0.1 da 0.5.

A cikin kiristal ƙwayoyin zarra a jere suke hawa-hawa, kowane hawa da tazara ɗaya tsakaninsa da na gaba. Idan eksire ya shiga, kowane hawa yakan mayar da ɗan kaɗan daga cikinsa. A mafi yawan kusurwoyi hasken da hawa daban-daban suka mayar yakan kashe juna, amma a wasu kusurwoyi na musamman yakan haɗu ya ƙarfafa juna, sai a ga ɗigo mai haske a kan na'urar kama haske. Max von Laue tare da Walter Friedrich da Paul Knipping suka fara ganin wannan a Munich a 1912. William Lawrence Bragg da mahaifinsa William Henry Bragg suka mayar da shi hanyar auna tsarin kiristal, aka ba su kyautar Nobel a 1915. Ƙa'idar da ake kira dokar Bragg ana rubuta ta haka:

nλ = 2d sin θ

A nan λ shi ne zangon hasken, d tazarar hawa biyu, θ kusurwar da hasken ya shigo da ita, n kuma cikakkiyar lamba. Dokar tana nuna cewa duk sauyin da ya sami d zai sauya θ. Idan kiristal ya miƙe, ɗigon zai goce zuwa ƙaramar kusurwa, idan ya matse zai goce zuwa babba, idan kuma hawan ya karkace ɗigon zai bi karkatar. A kiristal mai kyau ɗigon siriri ne sosai, ta yadda ake iya gane sauyin tazara da bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba.

Yadda igiyar take sauya tarwatsuwar

Lokacin da igiyar doro take wucewa, hawan ƙwayoyin zarra da ke kusa da sama yakan lanƙwashe ya zama tudu da kwari a jere, kamar kwanon rufi. Kiristal ɗin sai ya sami maimaituwa iri biyu: ƙaramar tazarar ƙwayoyin zarra, da babbar tazarar tudun igiya. Babbar tazarar tana yi wa eksire abin da siraran layukan bayan faifan CD suke yi wa hasken rana idan suka rarraba shi launi-launi. Sakamakon haka, a gefen babban ɗigon Bragg dama da hagu wasu ƙananan ɗigogi sukan bayyana a jere, waɗanda ake kira ɗigogin rakiya.

Tazarar ɗigogin rakiya tana bayyana tsawon zangon igiyar. Idan aka juya kiristal ɗin a hankali alhali igiyar tana tafiya a cikin shimfiɗar da hasken yake shiga da fita, kusurwar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo tana daidai da d a raba da zangon igiyar. Idan d nanomita 0.3 ne, zangon kuma maikiromita 10, tazarar za ta zama kimanin digiri 0.0017. Rarrabe kusurwa ƙarama haka yana buƙatar haske mai tafiya a miƙe sosai da na'urar juyi mai tsananin daidaito, kuma sau da yawa ana sa wani kiristal na biyu a gaban na'urar kama haske domin ya tace kusurwar.

Ƙarfin hasken ɗigogin kuma yana bayyana girman motsin. Idan aka ƙara wa matajin lantarki, hasken babban ɗigon yakan ragu, na rakiya su ƙaru, sababbi kuma su fito nesa da tsakiya. A lissafi mafi sauƙi, ƙarfin kowane ɗigo yana bin wani tsarin lissafi da ake kira aikin Bessel. Bisa wannan lissafi, idan d nanomita 0.3 ne, motsin da ya kai kimanin nanomita 0.11 ya isa ya kashe babban ɗigon. Wannan motsi bai kai tazarar ƙwayoyin zarra biyu ba. A zahiri babban ɗigon ba ya yawan mutuwa gaba ɗaya, domin wani ɓangaren hasken yana kaiwa zurfin da igiyar ba ta taɓa ba, ya dawo daga can ba tare da sauyi ba. Masu bincike suna cin moriyar wannan: idan suka sauya ƙarfin eksiren, ko kusurwar shigarsa, ko hawan da suke dubawa, zurfin da hasken yake kaiwa yakan sauya, sai su gano yadda igiyar take raguwa daga sama zuwa ƙasa.

Bin lokaci

Igiya mai gudun mita 3,500 a sakan da zangon maikiromita 10 tana bugawa sau miliyan 350 a sakan, wato megahaz 350. Zagaye ɗaya yana ɗaukar kimanin nanosakan 2.9. Idan aka ɗauki hotonta da haske mai ci gaba da haskawa, tudu da kwari za su gauraya, hoton ya fito a shafe. Ɗigogin rakiya na igiya mai tafiya suna bayyana ko da irin wannan haske, domin tafiyar igiyar ba ta sauya ƙarfinsu. Amma ganin inda kowane tudu yake, ko bin yadda motsin yake sauyawa a cikin zagaye ɗaya, sai da haske mai walƙiya.

Dabarar ita ce ta fitila mai ƙyaftawa. Idan fanka tana juyawa a cikin ɗaki mai duhu, aka riƙa ƙyafta mata fitila sau ɗaya a kowane zagaye, ido zai riƙa ganin fikafikanta a wuri ɗaya kamar ba sa motsi. Idan aka ɗan jinkirta ƙyaftawar, za a gan su sun matsa gaba kaɗan. Haka ake yi wa igiyar doro, sai dai fitilar a nan injin sinkirotiron ne.

Sinkirotiron babban zobe ne da elektiron suke zagayawa a cikinsa da gudun da ya kusa na haske. Duk lokacin da maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarsu sukan fitar da haske mai ƙarfi, har da eksire. Elektiron ɗin ba a warwatse suke tafiya ba, a dunƙule suke ƙungiya-ƙungiya, don haka hasken ma walƙiya-walƙiya yake fitowa. Kowace walƙiya takan ɗauki gomman fikosakan zuwa kimanin 100, fikosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan. A cikin fikosakan 100 igiyar da aka ambata a sama tafiyar maikiromita 0.35 kawai za ta yi, wato kashi 3.5 cikin ɗari na zangonta. Wannan ya isa a gan ta sarai.

Walƙiya ɗaya ba ta da hasken da zai ba da cikakken hoto, saboda haka ana tara miliyoyinsu. Sharaɗin shi ne kowace walƙiya ta sami igiyar a matsayi ɗaya. Ana cimma wannan ta hanyar ɗauko siginar da take tafiyar da matajin daga agogon sinkirotiron ɗin kansa, a kuma ƙera matajin ta yadda bugunsa zai zama ninkin bugun walƙiyoyin da cikakkiyar lamba. A cibiyar ESRF da ke Grenoble a Faransa, kewayen zoben mita 844 ne, elektiron suna zagaya shi a kimanin maikirosakan 2.8. Idan aka zuba ƙungiyoyi 16 masu tazara ɗaya, walƙiya takan zo bayan kowane nanosakan 176, wato megahaz 5.68. Igiya mai megahaz 352 za ta yi zagaye 62 cif a tsakanin walƙiya biyu, don haka kowace walƙiya za ta tarar da tudu a inda ta baya ta bar tudu. Da na'urar jinkirta sigina ake matsar da lokacin kaɗan-kaɗan, a ɗauki hoto a kowane mataki, a jera hotunan su zama kamar fim na zagaye ɗaya.

Bin lokaci ya fi zama dole ga tsayayyiyar igiya. Ita tana samuwa ne idan igiyoyi biyu masu bugu ɗaya suka fuskanci juna, kamar yadda yake faruwa a tsakanin mataji biyu ko a cikin na'urar da aka kewaye da layukan mayar da igiya. Tudunta ba ya tafiya, yana tashi ne ya faɗi a wuri ɗaya, kuma sau biyu a kowane zagaye doron yakan koma a shimfiɗe. Ɗigogin rakiya sukan bayyana su ɓace tare da wannan tashi da faɗuwa, sau biyu a zagaye ɗaya.

Akwai wata hanyar da ba ta buƙatar mataji. Ana raba gajeriyar walƙiyar leza gida biyu a haɗa su a kan doron abu, inda sukan samar da layukan haske da duhu a jere. Wuraren da haske ya sauka sukan yi zafi su kumbura nan take, wannan kumburi kuma ya tayar da igiyoyin doro masu zango daidai da tazarar layukan. Bayan wani ɗan lokaci da aka ƙayyade sai walƙiyar eksire ta zo ta auna. Ana maimaitawa da jinkiri daban-daban. Amfanin wannan hanya shi ne tana aiki a kan kayan da ba su da lantarkin matsi.

Nau'o'in auni

Hanya ta farko ita ce hoton fili. Ana haska faffaɗan yanki na kiristal, a ajiye fim ko kyamarar eksire a inda hasken Bragg yake fita. Kwarin igiyar yana tattara hasken kamar madubi mai zurfi, tudun kuma yana baza shi, sai layukan haske da duhu su fito a hoton, kowane layi yana wakiltar zango ɗaya. Da wannan ake ganin siffar gaban igiyar, da inda ta karkace, da inda ta ci karo da wani aibi a jikin kiristal.

Hanya ta biyu ita ce auna ɗigogin rakiya da tsananin daidaito. Ba ta ba da hoto, amma tana ba da lambobi: girman motsi, da zango, da zurfi.

Hanya ta uku ita ce binciken ɗigo-ɗigo. Ana tattara eksiren ya zama ɗan tsinin da faɗinsa bai wuce gomman nanomita ba, a riƙa matsar da samfurin a ƙarƙashinsa, a ɗauki tsarin tarwatsuwa a kowane wuri. Daga nan ake haɗa taswirar miƙewa da karkatar jerin ƙwayoyin zarra a ko'ina cikin na'urar. Ta fi sauran cin lokaci, amma ta fi su nuna ƙananan wurare.

Tarihi

Sinkirotiron na Daresbury da ke Ingila, wanda aka gina musamman domin samar da haske, ya fara aiki a farkon shekarun 1980. A can ne Roger Whatmore da Brian Tanner da abokan aikinsu suka ɗauki hoton igiyoyin Rayleigh masu tafiya a kan litiyam nayobet ta hanyar daidaita su da walƙiyoyin zoben. Sun wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1982. A 1984 Hans Cerva da Walter Graeff suka wallafa nazarin yadda haske da duhun irin waɗannan hotuna suke samuwa, bisa aikin da suka yi a cibiyar DESY da ke Hamburg.

Buɗe ESRF ga masu bincike a 1994 ya kawo haske mafi ƙarfi kuma mafi miƙewa. A 1998 Emil Zolotoyabko da Doron Shilo na jami'ar Technion da ke Haifa, tare da abokan aikinsu, suka nuna hoton igiyoyi masu zangon kimanin maikiromita 10. A 2003 su biyun suka ba da rahoton hoton layukan gocewa na cikin kiristal suna kaɗawa a ƙarƙashin igiya mai gigahaz 0.58. Layin gocewa wuri ne da jerin ƙwayoyin zarra ya kauce daga tsarinsa, kuma motsin irin waɗannan layuka ne yake sa ƙarfe ya lanƙwashe ba tare da ya karye ba. A wannan zamani ne kuma Dmitry Roshchupkin na Chernogolovka a Rasha da abokan aikinsa na Grenoble suka yi dogon nazari a kan ɗigogin rakiya a kiristal iri-iri.

A 2013 da 2014 masu bincike daga jami'o'in Göttingen da Augsburg, a rukunonin Tim Salditt da Achim Wixforth, suka wallafa aunin tsayayyun igiyoyi a litiyam nayobet da zoben PETRA III na Hamburg. A 2019 wani rukuni daga Jami'ar Chicago da ɗakin binciken Argonne a Amurka ya yi amfani da tsinin eksire wajen zana taswirar tsayayyiyar igiya a cikin silikon kabaid, ya kuma danganta ta da hasken da wasu ƙananan aibobi na kiristal ɗin suke fitarwa.

Amfani

Babban amfanin hanyar shi ne gwada na'urorin sadarwa. Wayar salula ta zamani tana ɗauke da gomman matatan sigina masu aiki da sauti, waɗansu na igiyar doro, waɗansu na igiyar da take ratsa cikin abu. Duk ƙarfin da ya zube ta gefen mataci, ko ya nutse cikin kiristal, asara ce ga batir da ingancin sigina. Aunin lantarki yakan nuna cewa an yi asara, hoton igiyar kuma ya nuna wurin da ta auku. Injiniyoyi suna kwatanta aunin eksire da abin da lissafin kwamfuta ya yi hasashe, domin su gane ko lissafin da suke ƙera na'urori da shi daidai yake.

Ana iya auna igiyoyin doro da hasken leza, kuma wannan ya fi arha, ana yin sa a ƙaramin ɗakin bincike. Sai dai leza tana ganin hawa da saukar fatar sama ne kawai, kuma zangonta, wanda ya kai ɗaruruwan nanomita, yana iyakance ƙanƙantar abin da za ta rarrabe. Eksire yana ratsa siraran layukan ƙarfe da shimfiɗun kariya ya kai ga kiristal ɗin da ke ƙasa. Idan na'ura tana da shimfiɗu da yawa, kowace da tazarar ƙwayoyin zarranta, ana iya zaɓar kusurwar Bragg ta shimfiɗa ɗaya a duba ta ita kaɗai.

A binciken kwantam ana amfani da igiyoyin doro wajen ɗaukar elektiron ɗaya-ɗaya daga wuri zuwa wuri, da sauya launin hasken da ƙananan ɗigogin kwantam suke fitarwa, da sarrafa aibobin kiristal da ake son adana bayanai a cikinsu. Duk waɗannan sun dogara ne da sanin ainihin miƙewar da take a daidai wurin da abin yake, kuma eksire yana auna wannan kai tsaye.

Ana kuma amfani da igiyar wajen girgiza wani abu da aka ɗora a kan kiristal. Rukunin Göttingen da Augsburg ya shimfiɗa tantanin maiƙo hawa-hawa, irin wanda yake kewaye ƙwayoyin halitta, a kan na'urar igiyar doro, ya bi yadda tsarin tantanin yake amsa girgizar a cikin nanosakan.

Akwai kuma amfani na juyi, inda igiyar ce take sarrafa eksiren. Tunda ɗigogin rakiya suna bayyana ne kawai idan akwai igiya, ana iya tura gajeriyar igiya ta ratsa wurin da hasken yake sauka a daidai lokacin da wata walƙiya za ta zo. Wannan walƙiyar ita kaɗai za ta karkata zuwa ɗigon rakiya ta wuce ta wata 'yar kafa, sauran su tsaya. An gwada irin wannan makunni a Grenoble a ƙarshen shekarun 1990, an kuma nuna mai zaɓen walƙiya a zoben Diamond na Ingila a 2017. Ba shi da wani ɓangare mai juyawa, saɓanin faifan ƙarfe mai rami da aka saba amfani da shi.

Iyakoki

Hanyar ƙyaftawa tana aiki ne kawai a kan motsin da yake maimaita kansa daidai, sau miliyoyi. Abin da ya faru sau ɗaya, kamar tsagewar kiristal, ba ya fitowa a hoton da aka tara. Bugun na'urar ma dole ya dace da na zoben, don haka sau da yawa ana ƙera samfuri na musamman domin gwajin, ba a ɗauko na kasuwa a sa kai tsaye.

Tsawon walƙiyar yana iyakance bugun da za a iya bi. Igiya mai gigahaz 5 tana gama zagaye a fikosakan 200, walƙiyar fikosakan 100 kuwa za ta shafe rabinsa. Domin irin wannan ana komawa ga lezar eksire ta sakakkun elektiron, wadda walƙiyarta ba ta kai fikosakan ɗaya ba. Zafi ma matsala ne: lantarkin da ake ba matajin yana ɗumama kiristal, ɗumin yana faɗaɗa tazarar ƙwayoyin zarra ya gusar da ɗigon Bragg, yana kuma sauya gudun igiyar. Dole a raba wannan sauyi da na igiyar kanta. Fassara sakamakon ma tana buƙatar lissafi mai zurfi, domin a kiristal mai kyau hasken yakan tarwatse fiye da sau ɗaya kafin ya fito, lissafi mai sauƙi kuma ba ya la'akari da hakan.

Cibiyoyin bincike

Ana gudanar da irin wannan aiki a manyan cibiyoyi kaɗan. Daga cikinsu akwai ESRF a Grenoble, da PETRA III a Hamburg mai kewayen mita 2,304, da BESSY II a Berlin mai kewayen mita 240, da APS a Argonne kusa da Chicago. Cikin lezojin eksire akwai LCLS a Kalifoniya, wadda ta fara aiki a 2009, da European XFEL mai tsawon kilomita 3.4 a yankin Hamburg, wadda ta fara a 2017 kuma take iya fitar da walƙiya har 27,000 a sakan. Masu bincike suna rubuta takardar neman lokaci, kwamitin masana ya tantance, waɗanda suka yi nasara a ba su 'yan kwanaki, yawanci ba tare da biyan kuɗi ba idan za su wallafa sakamakon. Nahiyar Afirka ba ta da sinkirotiron tukuna. Cibiyar SESAME da ke Jodan, wadda Masar take cikin mambobinta, an buɗe ta a 2017, kuma a 2015 aka yi taron farko na masu fafutukar gina irin wannan cibiya a Afirka, a harabar ESRF.